Rediyo Miraya a rumfata ta kasuwar Konyo Konyo a Juba, da rundunar da ake shirin ragewa

Duk baƙon da ya sauka Juba, babban birnin Sudan ta Kudu, da niyyar kasuwanci ya zo wurina neman shawara, kafin mu taɓa maganar hayar rumfa ko canjin dala, abin da nake fara tambayarsa shi ne ko yana da rediyo. In ya ce wayarsa ta wadatar, sai in ce ya nemi abin sawa a kunne ya jona mata, ya kamo 101 a zangon FM. Nan Rediyo Miraya take, tashar rundunar kiyaye zaman lafiya ta Majalisar Ɗinkin Duniya a Sudan ta Kudu, wadda kowa a nan ke kira UNMISS. Ba a biyan ko kwabo, ba ta cin data, ba ta rufewa da dare. Cikin duk abin da hukumomin duniya suka kawo ƙasar nan, ita ce hidimar da ke shiga rumfata kullum, don haka ina ganin ina da bakin faɗin yadda na same ta.

Ni Bahaushen Sudan ne, haifaffen Kosti a bakin Farin Nilu. Hanyar Makka ce ta kawo kakanninmu, suka tsaya noma don su haɗa guzuri, zama ya kama su. Na hauro kudu cikin jirgin ruwan dakon kaya bayan yarjejeniyar zaman lafiya ta 2005, lokacin da Juba ta fara cika da mutane da kuɗi. Sukari nake sayarwa, da fulawa, da man girki, da dabino, da albasa, da busasshen zoɓo. An buɗe Miraya a 2006, rundunar Majalisar ta wancan zamani ce ta kafa ta tare da wata gidauniyar 'yan jarida ta Suwizalan mai suna Hirondelle. Wato tashar ta girmi ƙasar kanta. Ranar 9 ga Yuli 2011, da aka ɗaga sabuwar tuta a filin kabarin John Garang, jagoran gwagwarmayar 'yan kudu, cinkoso bai bar ni na kusanci wurin ba, a rediyo na ji guɗar matan. Na yi murna tare da su har cikin raina, ko da yake ranar ce ta mayar da ni baƙo a garin da nake ci nake sha.

Akwatina ƙarami ne, ɗan Sin, mai farantin hasken rana a baya. Yana rataye a ƙusa tsakanin sikeli da buhun dabino, inda ƙura ba ta cika kai masa ba. Da hantsi nakan ɗora shi kan rufin kwano ya sha rana, ya kai ni har bayan isha'i. Wutar lantarki a Juba tsada gare ta, unguwanni da yawa ma ba ta kai ba, shi ya sa abin da ke aiki da rana ko da batir ya fi talabijin daraja a wurin talaka.

Da sassafe shirin safe ne, labarai da hira da baƙi, sai a buɗe layin waya. Wannan buɗe layin shi ne abin da na fi so. Za ka ji malamin makaranta daga Torit yana kukan albashin da aka yi watanni ba a biya ba, ka ji mace daga Wau tana tambayar dalilin tashin farashin dawa, ka ji saurayi daga Bor yana ba da labarin satar shanu, sai wani daga Yambiyo ya kira ya ƙaryata abin da kwamishinansu ya faɗa jiya. Ƙasa ce mai ƙabilu fiye da 60, titin kwalta kaɗan ne, da damina yawancin hanyoyi sukan yanke. Mutumin Awil zai iya tsufa bai taɓa ganin mutumin Kapoeta ba. A wannan tasha suke jin muryar juna, domin tana da na'urorin maimaita sauti a manyan garuruwa, kuma babu wata tasha a ƙasar da ke kaiwa inda take kaiwa.

Da Turanci da Larabci ake shirye-shiryen, kuma Larabcin nasu mai sauƙi ne, irin wanda ake ciniki da shi a Juba, wanda mai shayi da ɗan acaɓa da ɗan dako duk suke ji. A nan ne nake da ƙorafina na farko. Turanci shi ne harshen gwamnati, amma kasuwa ba ta jin sa. Sau da yawa hira mafi nauyi, wadda ta shafi tsarin mulki ko zaɓe ko haɗe sojoji wuri ɗaya, da Turanci ake yin ta, sai ka ga waɗanda suka taru a bakin rumfa sun watse ɗaya bayan ɗaya. Da za a ƙara wa Larabcin Juba lokaci, a riƙa maimaita irin waɗannan hirarraki da shi da yamma, da tashar ta ƙara masu saurare ba tare da ta kashe wani kuɗin kirki ba. Ƙorafi na biyu shi ne yawan labarin taron bita. An horar da mutum kaza a otal kaza, an raba takardar shaida. Wannan ba ya ƙara wa mai saurare komai, kuma minti biyar ɗin nan da farashin kasuwannin jihohi aka karanta a ciki da ya fi.

Amma abin da ya sa ɗan kasuwa ba ya rabuwa da ita shi ne hanya. Kusan duk abin da muke sayarwa ta Nimule yake shigowa, daga Uganda da tashar jiragen ruwa ta Mombasa, a kan titi ɗaya mai tsawon kilomita kusan 190. In wannan titi ya samu matsala, kafin la'asar farashin buhun sukari ya motsa. A watan Agusta 2021 'yan bindiga sun tare motoci a kansa suka kashe mutane, har da mata biyu masu hidimar cocin Katolika, direbobin manyan motoci na Kenya da Uganda suka ajiye aiki a kan iyaka ta Elegu, suka ce ba za su shigo ba sai an ba su tsaro. Kasuwa ta cika da zance iri-iri. Wani ya ce an buɗe, wani ya ce an ƙone motoci, masu ɓoye kaya suna ƙara wa wutar fetur don su sayar da tsada. Ni dai na riƙe abin da na ji a Miraya, domin na lura da ɗabi'arta: ba ta riga kowa ba da labari, sai ta nemo wanda abin ya faru a gabansa ko jami'in da ke da alhaki ta sa shi ya faɗa da bakinsa. Facebook yakan riga ta da awa biyu ko uku. Amma abin da ta faɗa da safe ba kasafai ake warware shi da yamma ba, kuma a garin da jita-jita ke iya sa a rufe kasuwa cikin minti goma, wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Wanda bai zauna a nan ba zai iya ɗauka ina zuzuta abu ne don kawai ba ya ƙarya. To bari in faɗa masa abin da rediyo ya taɓa yi a ƙasar nan. A tsakiyar Afrilu 2014 mayaƙan adawa suka ƙwace garin Bentiu. Rahoton Majalisar Ɗinkin Duniya ya tabbatar cewa wasu sun shiga gidan rediyon garin suka riƙa kiran mutane su far wa wasu ƙabilu, har da kiran a yi wa matansu fyaɗe. An bi mutane masallaci da coci da asibiti ana ware su ana harbewa. A masallacin Kali-Ballee kaɗai an ba da rahoton kashe fiye da mutum 200, da yawansu 'yan kasuwa ne daga Darfur, mutane irina, masu rumfar sukari da albasa, waɗanda suka ɗauka ɗakin Allah zai tsare su. Na san wasu daga cikinsu ta hanyar ciniki. Tun daga ranar na daina ɗaukar makirufo abin wasa. Duk wanda ke riƙe da shi a ƙasa irin wannan, ran mutane ne a hannunsa.

Ba zai yiwu in yi maganar tashar in bar rundunar da ke bayanta ba, domin eriyarta a cikin sansanoninsu take, kuma kasafin kuɗinsu ɗaya. An kafa UNMISS ranar 8 ga Yuli 2011, kwana ɗaya kafin 'yanci, da sojoji 7,000, da tunanin za su taya jaririyar gwamnati kafa hukumomi. Shekara biyu da 'yan watanni aka yi, komai ya rushe. Daren 15 ga Disamba 2013 harbi ya tashi a barikin dakarun fadar shugaban ƙasa, tsakanin masu biyayya ga shugaba Salva Kiir da masu biyayya ga Riek Machar, wanda Kiir ya sauke daga mataimaki a watan Yuli. Kafin gari ya waye sau biyu, rikicin 'yan siyasa ya koma farautar ƙabila. A Gudele da Miya Saba da wasu unguwanni aka riƙa bi gida gida ana neman 'yan ƙabilar Nuer.

Akwai wani saurayi ɗan Nuer da ke yi mini dako a lokacin, mai zane shida a goshi irin na mazan ƙabilarsu, zanen da babu hular da za ta ɓoye shi. Yakan ɗauki buhu mai kilo 50 a kafaɗa yana waƙa. Ya ɓace ranar Litinin, ban san ko yana raye ba, sai da wani ya kawo mini saƙo cewa yana cikin sansanin Majalisar na Tongping, kusa da filin jirgin sama. Shugabar rundunar a lokacin, Hilde Johnson 'yar Norway, da mutanenta sun buɗe ƙofa, dubban mutane suka kwarara ciki da abin da ke jikinsu. Da ƙura ta ɗan lafa na ɗauki fulawa da sukari da ganyen shayi na je. Abin da na gani a bakin wayar shingen sansanin ba zan manta ba: mata sun shimfiɗa zannuwa a kan sanduna don inuwa, layin jarkoki ya miƙe har inda ido ya tsaya, wani dattijo sanye da kwat da takalmin ofis yana zaune a kan kwali, da gani ka san ma'aikacin gwamnati ne jiya. Saurayin ya fito ya karɓi kayan da hannu biyu, ya kasa magana, sai ya nuna mini ƙaninsa ƙarami da ya goyo tun daga Gudele. Wurin ba wurin zaman mutum ba ne. Da damina ta sauka taɓo ya kai gwiwa, cuta ta yi ta ɗaukar yara. Amma yana da rai, yau yana da mata da 'ya'ya, yana tura baro a kasuwar Custom. Da ƙofar nan a rufe take, da ba na wannan magana.

Mutanen da suka fake a irin waɗannan sansanoni, a Juba da Bor da Malakal da Bentiu da Wau, sun taɓa haura 200,000. Kwamitin Tsaro na Majalisar ya ƙara yawan sojojin rundunar zuwa 12,500 ranar 24 ga Disamba 2013, daga baya zuwa 17,000 a 2016. Su ma sun biya da jininsu. Ranar 19 ga Disamba 2013 matasa ɗauke da makamai suka afka wa ƙaramin sansanin Akobo, suka kashe sojojin Indiya biyu tare da fararen hular da suka fake a wurinsu. A rikicin Juba na Yuli 2016 sojojin Sin biyu suka mutu a bakin aiki.

Ba zan ɓoye inda suka gaza ba, domin Majalisar da kanta ta rubuta shi. A Malakal, ranakun 17 da 18 ga Fabrairu 2016, an shiga cikin sansanin da suke gadi aka kashe mutum 30, aka ƙone matsugunai, binciken da aka yi ya nuna wasu dakarun sun yi jinkirin da bai kamata ba. A Juba ranar 11 ga Yuli 2016 sojojin gwamnati suka shiga masaukin Terrain, wanda bai fi tafiyar ƙafa daga babban sansanin Majalisar ba, suka yi wa mata ma'aikatan agaji fyaɗe, suka harbe ɗan jarida John Gatluak. An yi ta kiran neman ɗauki, ba wanda ya zo. Janar Patrick Cammaert ya jagoranci bincike, Ban Ki-moon ya sauke kwamandan rundunar, ɗan Kenya, a watan Nuwamba. Abin kunya ne babba, kuma matan da aka ci wa mutunci a bakin ƙofofin sansani a waɗannan kwanaki ba su da abin da za a faɗa musu ya wanke shi. A irin wannan gaɓa ce kuma mai saurare ya kamata ya tuna ta wa ce Miraya. Tasha ce ta Majalisar, in magana ta zo kan laifin rundunar, ni nakan haɗa da wasu tashoshin da ba na Majalisar ba, Eye Radio da Rediyo Tamazuj, in ji yadda su suka kawo ta. Ina ba kowa shawarar ya yi haka.

Sai dai wannan jingina da take da ita ga Majalisar ita ce kuma garkuwarta. A watan Maris 2018 hukumar kula da kafafen yaɗa labarai ta ƙasar ta ce ta dakatar da Miraya saboda ba ta yi rajista da ita ba. Majalisar ta amsa cewa yarjejeniyar zaman rundunar a ƙasar ta ba ta damar yin rediyonta, tashar ta ci gaba da magana. Da wata tashar gida ce, da kwaɗo aka sa wa ƙofarta a ranar. Duk da haka ma'aikatanta 'yan ƙasa ne, a unguwanninmu suke kwana, babu waya mai ƙaya da ke kare su. Wakilinta George Livio an kama shi a Wau a 2014, ya yi kusan shekara uku a tsare ba a gurfanar da shi gaban alƙali ba, sai a 2017 aka sake shi. In na ji muryar ɗaya daga cikinsu yana yi wa minista tambayar da ministan ba ya so, nakan tuna da wannan, in yi masa addu'a.

Ranar da na fi sanin darajar tashar a kaina ita ce a Janairu 2025. A yaƙin da ake yi a Sudan, sojojin ƙasar sun ƙwace birnin Wad Madani, sai hotunan bidiyo suka bazu a waya ana nuna yadda aka kashe 'yan Sudan ta Kudu a can. Daren 16 ga wata matasa suka fito a Juba suna fasa shagunan 'yan Sudan, abin ya bazu zuwa Awil da wasu garuruwa. 'Yan sanda sun ce an kashe 'yan Sudan 16. A irin wannan dare ba mai tambayar ko kai Bahaushe ne ko Balarabe, ko ka shekara nawa a garin. Jallabiyarka da lafazinka sun isa. Maƙwabciyarmu, wata dattijuwa 'yar ƙabilar Bari da ke sayen sukarin shayinta a wurina, ita ta buga mana ƙofa ta ce mu kwaso yara mu shigo ɗakinta. Ta zauna a bakin ƙofa a kan kujerar roba da tsintsiya a hannu kamar ba abin da ke faruwa, mu kuwa muna ciki a duhu, akwatin rediyon a kan cinyata, na rage muryarsa har sai na sunkuya nake ji. Ta nan na san an sa dokar hana fita daga ƙarfe 6 na yamma zuwa 6 na safe, na san jami'an tsaron ƙasar suna kwashe mutanenmu zuwa wuraren da za a tsare su, na ji ana maimaita kiran a kwantar da hankali, kada a ɗauki fansa a kan wanda bai ji ba bai gani ba. Bayan 'yan kwanaki gwamnati ta ba da umarnin toshe Facebook da TikTok. Wanda ya dogara da waya kaɗai ya zauna cikin duhu. Allah ya saka wa wannan baiwar Allah da alheri, ya raya mata jikokinta.

Yanzu ga abin da ya sa na zauna a ƙarshen 2025 na rubuta wannan duka. Yarjejeniyar da aka sa wa hannu a Addis Ababa ranar 12 ga Satumba 2018, wadda ta kawo gwamnatin haɗin gwiwa tsakanin Kiir da Machar a Fabrairu 2020, tana wargajewa a gaban idonmu. A farkon Maris 2025 mayaƙan da ake kira Farar Runduna suka mamaye barikin Nasir. Ranar 7 ga wata jirgin Majalisar mai saukar ungulu ya je kwaso sojojin gwamnati da aka yi wa ƙawanya, aka buɗe masa wuta, ma'aikacin jirgin ya mutu, Janar Majur Dak da sojojinsa da dama suka mutu. Sojojin Uganda suka shigo. Ranar 26 ga Maris aka yi wa Machar ɗaurin talala a gidansa, a Satumba aka tuhume shi da cin amanar ƙasa da kisan kai. Ranar 3 ga Mayu aka jefa bam a asibitin ƙungiyar likitoci ta MSF a Old Fangak. Zaɓen da ƙasar ba ta taɓa yi ba tun samun 'yanci an sake ɗaga shi zuwa Disamba 2026. Fiye da mutum miliyan ɗaya sun tsallako daga yaƙin Sudan tun Afrilu 2023, yawancinsu ta garin Renk da ke kusa da iyaka, cikinsu har da dangina. Yaƙin basasar Sudan ta Kudu da ya ɓarke a 2013, masu bincike na wata jami'ar Landan sun ƙiyasta ya ci rai kusan 400,000. Duk wanda ya ga 2013 ya san ƙamshin abin da ke tafe.

A daidai wannan lokaci ne, a watan Oktoba 2025, Majalisar ta sanar cewa kuɗi sun ƙare, za ta rage kusan rubu'in sojoji da 'yan sandanta na kiyaye zaman lafiya a duniya, mutum 13,000 zuwa 14,000, domin manyan ƙasashe ba su biya kasonsu ba, musamman Amurka wadda nata ya haura rubu'in kasafin. Sudan ta Kudu na cikin inda abin zai fi taɓawa. Na san masu cewa rundunar ta shekara 14 ba ta kawo zaman lafiya ba, kuma gaskiya ne, ba ta kawo ba. Zaman lafiya yana hannun Kiir da Machar da janar-janar ɗinsu, su ne suka jefa mutanensu cikin wannan hali, su ne kuma sojojinsu ke tare motocin sintiri a shingaye. Amma rufin da ke yoyo gyara shi ake yi, ba a yaye shi ana tsakiyar damina.

A je Bentiu a gani. Tun ambaliyar da ta fara a 2019 ta ƙi janyewa, garin da sansanin da ke ɗauke da mutum sama da 100,000 sun zama tsibiri, kuma ganuwar ƙasa da injiniyoyin sojan Pakistan suke ginawa suna toshewa dare da rana ita ce tsakaninsu da ruwa. Sojojin Ghana da na Mongoliya ne ke gadi a wannan yanki. 'Yan Bangaladash na sintiri a kan Nilu da jiragen ruwa. Injiniyoyin Koriya ta Kudu na gyaran hanya a Bor, likitocin dabbobi na sojan Indiya na duba shanun makiyaya, a ƙasar da saniya ita ce sadaki, ita ce banki, ita ce kuma sanadin faɗa. Har ƙarshen 2025 sansanin Malakal a hannun Majalisar yake domin mutanen cikinsa ba su ga ranar komawa gida ba. In aka janye bataliya ɗaya, akwai garin da zai kwana ba mai gadi, kuma in aka rufe sansani, eriyar Miraya da ke cikinsa ita ma ta yi shiru, garin ya koma hannun duk wanda ya riga kama makirufo.

Mu 'yan Sudan ba labari aka ba mu ba. An rufe UNAMID, rundunar haɗin gwiwar Majalisar da Tarayyar Afirka a Darfur, ranar 31 ga Disamba 2020, aka ce gwamnati za ta kare mutanenta. Ba a yi wata guda ba aka afka wa sansanin 'yan gudun hijira na Krinding a El Geneina, aka kashe fiye da mutum 100. A 2023 aka yi wa ƙabilar Masalit kisan da ya kora dubban ɗaruruwa zuwa Adre, 'yan'uwanmu na Chadi su ne shaida domin su suka tarbe su. A Oktoba 2025 birnin El Fasher na Darfur ya faɗi a hannun mayaƙan RSF da ke yaƙar sojojin Sudan, duniya tana kallo ta tauraron ɗan'adam. UNAMID ma an yi ta zaginta da rauni lokacin tana nan. A Mali kuwa, da rundunar Majalisar ta tattara kayanta a ƙarshen 2023, tasharta Mikado FM ta tafi tare da ita.

Don haka ina roƙon ƙasashen da ake bi bashin kason su biya, kuɗin rundunar nan na shekara ɗan sama da dala biliyan ɗaya ne, ba abin da zai girgiza Amurka ko Sin ba ne. Ina roƙon Kwamitin Tsaro, in ya zo sabunta wa'adin rundunar a Afrilu 2026, kada ya rage adadin 17,000 ɗin nan, ya bar takunkumin sayen makamai na 2018 a inda yake, ya kuma gaya wa gwamnatin Juba ƙarara ta daina tare sintiri. An zaɓi Laberiya ta zauna a wannan kwamiti daga Janairu 2026, ƙasar da sojojin Majalisar suka zauna mata daga 2003 zuwa 2018 har ta miƙe da ƙafarta, wadda rediyon rundunar ma bai mutu ba, ECOWAS aka miƙa wa shi. Ina fata wakilinta zai tuna.

'Yan'uwana na Najeriya da Ghana, ku ma kuna da baki a wannan magana. Sojojinku sun tsaya a Laberiya da Saliyo, Janar Martin Luther Agwai ya jagoranci rundunar Darfur, 'yan Najeriya sun mutu a Haskanita ta Darfur a 2007 suna gadin mutanen da ba su taɓa sani ba. Na san gida ma akwai wuta, ba na cewa a kwaso soja daga Zamfara ko Borno a kawo mana. Amma murya a Tarayyar Afirka da zauren Majalisar ba ta buƙatar bataliya. 'Yan jaridarku na sassan Hausa su riƙa tambayar ministocin harkokin waje me suka ce kan rage rundunar Sudan ta Kudu, malamai su sa ƙasar a addu'ar Juma'a, wanda ke da ɗan majalisar da yake jin maganarsa ya tura masa wannan. Wanda kuma ke son ya ji da kunnensa, Miraya tana kan intanet, ya saurari shirin safe ko sau ɗaya, ya ji mutanen Nasir da Malakal da Renk suna faɗin halin da suke ciki kafin Afrilu ta zo.